Kafin a sayi fiyanon zamani a Abuja: Nauyin maɓalli ne ke raba aya da tsakuwa

A majami'un Karu da Nyanya da Kubwa, da zaurukan biki na Wuse da Garki, da wuya a yi taro ba a ga fiyano mai aiki da lantarki a gefen dandali ba. Sai dai abin da jama'a ke kira fiyano kala biyu ne, kuma rashin bambance su kan jawo wa kwamitin majami'a ko iyayen yara asarar kuɗi masu yawa, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan shigowa suka yi tashin gwauron zabi.

Kala na farko shi ne wanda kunnen Bahaushe ya fi sabawa da shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 na'urorin Yamaha samfurin PSR suka zama ƙashin bayan kiɗan finafinan Hausa a Kano, har aka riƙa kiran salon da kiɗan fiyano. Yawancinsu maɓallai 61 gare su, marasa nauyi, waɗanda ƙaramar wayar ƙarfe mai lanƙwasa ke mayarwa sama idan an saki. Suna kwaikwayon ganga da sarewa da algaita, kuma suna biyan buƙatar mai haɗa waƙa a situdiyo.

Kala na biyu shi ne fiyanon dandali, wanda aka ƙera don ya maye gurbin babban fiyanon katako. Maɓallansa 88 ne, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma darajarsa duka tana cikin abin da yatsa ke ji idan ya danna.

Me ake nufi da nauyin maɓalli?

A fiyanon asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro a birnin Florence na Italiya wajen shekarar 1700, kowane maɓalli yana tura wata 'yar guduma ce ta bugi tsirkiya. Idan aka danna a hankali sauti ya fito a tausashe, idan aka buga da ƙarfi ya fito da amo. Gudumomin ɓangaren hagu, inda sauti ke da kauri, sun fi girma, don haka maɓallan can sun fi nauyi, nauyin yana raguwa yayin da hannu ke tafiya dama.

Fiyanon dandali mai kyau ba shi da tsirkiya, amma an sanya masa ƙananan gudumomi a ƙarƙashin maɓallai don yatsa ya ji wannan nauyi. Na'urorin ganowa suna auna saurin saukar maɓalli su mayar da shi lamba, wadda a tsarin MIDI ba ta wuce 127. Wasu samfura suna da na'urar ganowa uku a kowane maɓalli maimakon biyu, abin da ke ba makaɗi damar maimaita sauti ɗaya da sauri ba tare da ya saki maɓallin gaba ɗaya ba.

Wannan ba ado ba ne. Yaron da ya koyi kiɗa a kan maɓallai marasa nauyi, ranar da aka zaunar da shi gaban fiyanon katako, yatsunsa kan gaji da wuri, kuma ba zai iya sarrafa taushi da ƙarfin sauti ba. Hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Ingila tana karɓar fiyanon lantarki ne kawai idan maɓallansa cikakku ne, masu nauyi, masu jin ƙarfin taɓi, kuma yana da fedal na jan sauti.

Inganci da wahalar ɗauka

Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban. Kawai MP11SE yana da dogayen maɓallan katako, kuma makaɗa da yawa suna ganin shi ya fi kusa da fiyanon asali, amma nauyinsa ya haura kilo 30. Roland RD-2000, wanda ya fito a 2017, ya haɗa katako da roba, nauyinsa kusan kilo 22. Yamaha CP88 na 2019 bai kai kilo 19 ba. Ƙaramin Yamaha P-45 kilo 11 da rabi ne, kodayake taɓinsa bai kai na manyan ba.

A Abuja wannan lissafi yana da muhimmanci. Fiyanon da zai zauna wuri ɗaya a majami'a ko otal zai iya yin nauyi. Makaɗin biki kuwa, wanda zai ɗauko kayansa daga Mararaba zuwa Maitama a bayan tasi, sai ya yi tunani sau biyu. Haka kuma yawancin fiyanon dandali ba su zuwa da sifika, don haka sai a saka kuɗin amsa-kuwwa da mazauni da fedal cikin kasafi tun farko.

Ƙura da wuta

Fiyanon katako yana shan wahala a Abuja, domin damina na kumbura itace, hunturu kuma ya busar da shi, sautin ya karkace sai an nemo mai daidaitawa. Na lantarki ya tsira daga wannan, amma yana da nasa maƙiya. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallai ta kwanta kan robobin da ke ɗaukar saƙo, sai a ji wani maɓalli ya yi shiru, wani kuma yana ƙara fiye da kima. Mayafi mai rufe shi bayan kowane amfani ya fi kuɗin gyara araha.

Wuta ma abin lura ce. Hawa da saukar lantarki, da sauyawa zuwa janareta, na iya ƙona allon ciki, don haka sitabilaiza wajibi ce. Wanda zai sayi na hannu da aka shigo da shi daga Amurka ya duba bayansa, domin can ana amfani da wutar 120, Najeriya kuwa 230.

Gwaji kafin biya

Ko a kantunan Abuja za a saya, ko daga kasuwar Alaba ta Legas za a aiko, kada a biya sai wanda zai riƙa kaɗawa ya taɓa. Ya fara da kashe na'urar ya danna maɓallan, don kada daɗin sauti ya rufe masa aibun taɓi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duka 88, a hankali sannan da ƙarfi, yana sauraron wanda ke maƙalewa ko ƙwanƙwasa. Ya gwada maimaita sauti ɗaya da sauri, ya kuma danna can cikin maɓalli kusa da jikin na'ura, inda masu araha kan yi tauri. A ƙarshe ya tambayi mai kanti takardar garanti, da inda ake samun kayan gyara idan maɓalli ya karye.