Ajiya Maganin Wata Rana

Jama'a, da wuya ka shiga gida a Adabraka, Nima ko Maamobi ba ka tarar da tsohuwar adaka a ƙarƙashin gado ba. A ciki akwai zannuwan gado, da tsofaffin makullai, da takardu a ƙunshe cikin tsumma. Mu mutanen zango mun iya ajiya, amma ba mu cika sanin abin da muka ajiye ba. Sai ranar bukata a yi ta zazzage kaya ana zufa.

Dattawanmu ba su manta da ranar 18 ga Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa izinin zama mako biyu su bar ƙasar. A kwanakin nan 'yar takarda ɗaya ta fi shanu daraja. Mutane da yawa da aka haifa a nan sun bi ayari, don ba su da abin nunawa. Haka kuma wajen yin Ghana Card, wanda ba shi da takardar haihuwa ko fasfo sai ya nemi ɗan'uwa mai kati, ko mutum biyu da suka san shi, su yi masa rantsuwa.

Ruwa ma ya koya mana darasi. A daren 3 ga Yuni 2015 kogin Odaw ya cika ya shiga gidajen Adabraka, gobara kuma ta tashi a gidan mai kusa da Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tsira sun tarar da takardun fili da rasidin haya sun zama kunu, domin adakar tana ƙasa.

To, ina mafita? A nan Adabraka, kan titin Castle, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Sirrin aikinsu lissafi ne: kowane ƙunshi da lambarsa, kowace lamba tana cikin rajista. Haka Jami'ar Legon ta yi wajen 1960 zuwa gaba, da ta bi gidajen malamai tana ɗaukar kwafin rubuce-rubucen Larabci da ajami, har da na Alhaji Umaru Karki wanda ya rasu a 1934. Shi ya sa ɗalibai ke samunsu har yau.

Mu ma mu yi koyi. A sayi ɗan littafi, a rubuta kowace takarda da inda take: ta haihuwa, ta aure, ta fili, katin awon yara, shaidar makaranta. A sa su cikin leda, a ɗora a sama inda ruwa da gara ba za su kai ba. A ɗauki hotonsu a waya, a kai kwafi gidan wani ɗan'uwa. Maigida kuma ya nuna wa uwargida da babban ɗa wurin ajiya, domin rai ba a bakin komai yake ba, kuma rigimar gado takan fara ne daga ɓatan takarda.

Kafin damina ta sauka, kowa ya jawo adakarsa ya duba. Allah ya kiyaye mu da ranar da-na-sani.