Ina Sauran Kuɗin Auren Gata?

A watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800 a Kano, aka kira shi auren gata. Kuɗin da majalisar zartarwa ta amince a kashe naira miliyan 854 ne. Da jin adadin sai na ɗauko biro, don a majalisar shayi kullum sadaki ake ɗora wa laifin zaman samari da zawarawa ba aure.

Sadakin kowace amarya naira 50,000. Sau 1,800, miliyan 90 ke nan. Jarin 20,000 da aka ba kowacce ta ja sana'a, miliyan 36. A haɗa, miliyan 126. To, ina sauran fiye da miliyan 700?

Mai saurin zargi zai ce an yi sama da faɗi da su. Kafin a kai can, a leƙa ɗakin amarya tukuna: gado, katifa, sutura, kayan abinci, kowanne sau 1,800. Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ya san wuyan da waɗannan kaya ke hawa. A al'ada, ango ke yin lefe ya biya sadaki. Kayan ɗaki da gara kuwa na iyayen amarya ne, kuma su ke sa uba sayar da gona. Ashe gwamnati ba angon kaɗai ta tsaya wa ba. Kujerar uban amarya ta hau.

Me ya kai ta wannan ɓangaren? Sai an koma 2009, lokacin da Hajiya Altine Abdullahi, shugabar ƙungiyar zawarawa da marayu, ta shirya gangamin matan da aka saka, Hisbah ta hana. An hana tattakin, kukan bai tsaya ba. A 2012 Gwamna Rabi'u Kwankwaso da Malam Aminu Daurawa na Hisbah suka fara da zawarawa 100. Bazawara kuwa uba ya riga ya yi mata kayan ɗaki sau ɗaya, ba lallai ya iya na biyu ba. Marainiya ma ba ta da uban.

Uba kuma ba gado kaɗai yake saye ba, shi ake kai wa ƙara. Shi ya sa kafin ɗaurin aure ake yi wa ango da amarya gwajin jini, a kuma gindaya wa ango sharaɗi: in rigima ta taso, kafin ya rubuta takardar saki, sai ya zo gaban Hisbah.