Tsinka Jini ko Hana Daskarewa: Tsokaci Kan Wata Fassara

Wannan maƙala za ta dubi lafazin “maganin tsinka jini” da masu fassara ke amfani da shi ga sinadaran da ke hana jini yin gudaji. A ganinmu, lafazin yana karkatar da ma'ana.

Masunta da manoman shinkafa na fadamun Nguru zuwa Gashuwa da Katuzu sun san cewa idan matsattsaku ya saki ƙafar mutum, wurin kan daɗe yana zubar da jini. Ba ruwa-ruwa jinin ya koma ba. A 1884 John Haycraft ya gano cewa matsattsaku na fitar da wani sinadari, wanda aka raɗa wa suna hirudin daga baya. Aikinsa shi ne ɗaure turombin, wato sinadarin da ke saƙa zaren da gudan jini ke tsayuwa a kansa.

Jikin ɗan'adam ma yana da irin wannan takunkumi, kamar furotin C da hanta ke sarrafawa. Ɓerayen gwaji da aka samar a 1992, masu tara kitse a bangon jijiya, da wuya jininsu ya daskare a kan kitsen haka kawai. Amma a 2017 masana a Leiden ta ƙasar Holan suka rage musu furotin C, sai gudaji suka bayyana a jijiyoyin wasunsu.

Ke nan abin da sinadarin ke yi hani ne, ba sirki ba. “Tsinkewa” ta dace da kunu ko koko. Don haka muke ba da shawarar a riƙa cewa “mahanin daskarewar jini”, duk da tsawonsa.