Doyar Ezeulu: Iko, Amana da Son Zuciya a Littafin Achebe

A 1964 Chinua Achebe ya fitar da littafinsa Arrow of God, amma labarin da ke ciki na shekarun 1920 ne, a ƙasar Ibo. Turawan Ingila sun ga mulki ta hannun sarakuna ya yi musu aiki a Arewa, sai suka so dasa shi a can. To amma yawancin garuruwan Ibo ba su da sarki, taron dattawa ne ke yanke magana. Don haka Bature kan zaɓi mutum ya miƙa masa takarda, ya ce daga yau kai ne sarki. Irin waɗannan sarakunan takarda na cikin abin da ya tayar da boren matan Aba a 1929.

Tauraron labarin shi ne Ezeulu, babban mai tsafin Ulu, abin bautar da ƙauyuka shida na Umuaro suka haɗu suka kafa. Aikinsa duban wata ne. Duk tsayuwar wata yakan gasa ɗaya daga cikin doyar da aka keɓe ya ci, kuma sai saura ɗaya yake sanar da bikin sabuwar doya. Kafin nan ba mai haƙar gonarsa. Ke nan cikin kowa na hannunsa. Tun farkon littafin ma yana tambayar kansa ko wannan iko nasa ne, ko kuwa shi mai gadi ne kawai.

Ya taɓa ba da shaida a kan mutanensa a rikicin fili da Okperi, abin da ya burge Baturen mulki Kyaftin Winterbottom har ya nemi naɗa shi sarki. Ezeulu ya ƙi, aka tsare shi kwana 32 a Okperi. Umuaro ba su motsa ba, wasu ma cewa suke abokinsa Bature ne ya kira shi.

Nan ne gwanintar Achebe take. Wata biyu sun tsaya yana tsare bai ci doya ba, don haka lokacin bikin ya zo da sauran guda uku a ajiye. Dattawa suka roƙe shi ya cinye, su za su ɗauki laifin. Ya ce Ulu bai yarda ba. A bisa ƙa'ida yana da gaskiya, ba wanda ya taɓa cin doya biyu a wata ɗaya. Sai dai mai karatu ya riga ya ga yadda ya kwana yana saƙa ramuwa tun yana Okperi. Shin muryar Ulu yake ji, ko fushinsa ne ya ari bakin Ulu? Marubucin bai raba gardamar ba, kuma a ganina shi kansa Ezeulu ba zai iya rabawa ba. Ba munafuki ba ne, gidansa ma ya ɗanɗana yunwar.

Doya ta maƙale a busasshiyar ƙasa. Goodcountry, malamin coci, ya ce duk wanda ya kai doyarsa coci zai iya haƙa ba tsoro. Sannan Obika, ɗan da Ezeulu ke alfahari da shi, ya yi gudun al'ada na jana'iza da zazzaɓi a jikinsa, ya faɗi matacce. Ezeulu ya zare. Mutanen gari suka ce Ulu ya goyi bayansu a kan mai tsafinsa, amma da yawansu coci suka kai doyar wannan shekarar.