Kayan da Babur Ke Buƙata a Hanyoyin Gwandu da Kalgo

A Maruda da ƙauyukan da ke kewaye, babur ne jakin zamani: shi ke kai manomi fadama, shi ke kai buhu kasuwa. Bajaj Boxer na cikin waɗanda 'yan kabu-kabu suka fi hawa, saboda doguwar kujerarsa da juriyarsa.

Hular kwano ce kan gaba. Da hukumar kiyaye haɗura ta FRSC ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka kifa a ka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce hular kwano ta kirki, idan an sa ta daidai, tana rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. Sai a zaɓi wadda ta kama kai sosai, mai maɗauri a ƙarƙashin haɓa da gilashin tare ƙurar hunturu.

Madubai biyu wajibi ne, kodayake samari kan cire su don gayu. Ƙarfen da ake ɗaurawa gaban inji yana kare ƙafa in an faɗi, riga mai sheƙi kuma tana nuna mahayi da dare a titin Jega.

Wajen jin daɗi, rigar kujera ta raga tana rage zafin bazara, safar hannu tana rage karkarwar kan babur. Kaya kuma a ɗaure su tsakiya, kada su rinjayi gefe ɗaya.