FASHIN BAƘI: Yaushe ya dace ƙungiyar ƙwallo ta riƙe tsohon ɗan wasa, yaushe ya dace ta sallame shi?

Duk lokacin da kakar wasa ta ƙare, akwai gardamar da ba ta rasa dawowa gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi na Funtuwa da Malumfashi: shin daidai ne Kano Pillars ta riƙa sanya Rabi'u Ali, wanda aka fi sani da Pele, bayan ya haura shekara 40? An haife shi ranar 27 ga Satumba, 1980, kuma ya buga kakar 2024/2025 yana da shekara 44. Wasu na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wasu kuma na ganin duk rigar da tsoho ya riƙe, wani yaro ne aka hana.

Maganar ta wuce mutum ɗaya. Gwamnatin Jihar Kano ce ke da Pillars, kamar yadda Gwamnatin Jihar Katsina ke da Katsina United, don haka albashin kowane ɗan wasa daga baitulmalin jama'a yake fitowa. Haka nan, waɗannan ƙungiyoyi biyu su ne ƙofa mafi kusa ga yaron da ya taso yana buga ƙwallo a filin makarantar firamare a Bakori, Ƙafur ko Ɗanja.

Abin da tsohon hannu ke kawowa

Tarihin Rabi'u Ali ba abin musu ba ne. Yana cikin 'yan wasan da suka ɗaukar wa Pillars kofin gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012, 2013 da 2014, da kofin ƙalubale na 2019 da aka ci Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna. A gasar CHAN ta 2014 a Afirka ta Kudu, yana cikin waɗanda suka zura ƙwallo ranar da Najeriya ta farfaɗo daga ci 3 da nema ta doke Maroko 4-3. Da Pillars ta faɗa gasar ƙasa da Firimiya a 2022, tare da Katsina United, bai gudu ba, har ƙungiyoyin biyu suka dawo a 2023.

Sai dai tarihi ba ya cin wasan gobe. Abin da ƙungiya ke saye a wurin gogaggen ɗan wasa abu uku ne. Na farko, iya karanta wasa: sanin inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta taso, wanda ke rage masa buƙatar gudu. Na biyu, natsuwa a lokacin da 'yan kallo suka ɗau zafi, musamman wajen bugun tazara da fenariti. Na uku, ladabtar da yara a ɗakin sauya kaya da cikin motar tafiya, aikin da mai horarwa ba ya iya yin sa shi kaɗai. A gasar da ke da ƙungiyoyi 20, wasanni 38, kuma huɗu na ƙasa ke faɗuwa, maki ɗaya da aka tsira da shi a gidan abokin hamayya yana iya raba ƙungiya da faɗuwa.

Abin da shekaru ke ɗaukewa

Jiki ba ya karɓar roƙo. Yawancin 'yan wasan fili sun fi ƙarfi ne tsakanin tsakiyar shekarun ashirin zuwa kusan talatin. Daga nan gudun farko yakan fara raguwa, kuma abin da ya fi damun masu horarwa shi ne jinkirin murmurewa: gajiyar da yaro ke warwarewa cikin kwana biyu, babba sai ya ɗauki fiye da haka. A Najeriya abin ya fi tsanani, domin tafiya daga Katsina ko Kano zuwa Fatakwal, Uyo ko Aba a mota takan cinye yini guda ko fiye, sannan a shiga fili da rana tsaka.

Gurbin da mutum ke bugawa ma yana da tasiri. Mai tsaron raga da mai tsaron baya na tsakiya sun fi daɗewa, domin aikinsu ya fi dogara ga tsayuwa a inda ya dace. Essam El-Hadary na Masar ya tsare raga a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018 yana da shekara 45. Pepe na Fotugal ya buga gasar nahiyar Turai ta 2024 yana da 41. Chelsea ta ɗauki Thiago Silva a 2020 yana dab da cika 36, ta ci Kofin Zakarun Turai da shi a 2021. Amma ɗan wasan gefe da gudu ne jarinsa, da zarar ƙafa ta yi nauyi, kasuwarsa ta watse.

Akwai kuma sauyin doka da ya zo wa tsofaffi da sauƙi. Tun 2020 aka fara bai wa ƙungiya damar canjin 'yan wasa biyar maimakon uku, aka tabbatar da dokar a 2022. Ma'ana, ba dole sai babba ya yi minti 90 ba. Yana iya yin sa'a guda ya fita, ko ya shigo daga benci, yadda Kamaru ta riƙa amfani da Roger Milla a 1990, mutumin da ya sake cin ƙwallo a Kofin Duniya na 1994 yana da shekara 42.

Lissafin kuɗi da gurbin yaro

Hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a sallami tsoho ita ce ta kuɗi. Ɗan shekara 40 ba mai sayensa. Ɗan shekara 18 kuwa jari ne. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sannan CSKA Moscow da Leicester City. Da an ajiye shi a benci don girmama wani babba, da ba a ga wannan ba. Ƙari a kan haka, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta fito da yara tana rufe wa kanta wannan hanya, ta zauna jiran abin da gwamnati za ta saki.

Duk da haka, takardar haihuwa kaɗai ba ta isa ma'auni ba. Rage shekaru tsohuwar cuta ce a ƙwallon Najeriya, har ta sa tun 2009 ake gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. Ƙungiyar da ta kori wanda ya faɗi gaskiyar shekarunsa, ta ɗauki wanda ya ɓoye nasa, ba ta rage tsufa ba.

Manoman kudancin Katsina sun san irin wannan lissafi a kan shanun huɗa. Ba a horar da sabon sa shi kaɗai. Haɗa shi ake yi da tsohon da ya san kunya, har ya koyi tafiya a miƙe. Amma manomi ba ya jira sai tsohon ya faɗi a tsakiyar gona da damina ta kankama. Tun yana da sauran ƙarfi ake tanadin magajinsa.

Inda siyasa ke shiga

A Turai, ƙungiyoyi irin su Real Madrid sun shahara da bai wa waɗanda suka manyanta kwantiragin shekara ɗai-ɗai, ana duba aikinsu a ƙarshen kowace kaka. Haka Luka Modric ya zauna har ya bar ƙungiyar a 2025 yana da shekara 39. A ƙungiyar gwamnati kuwa, shugabanni naɗaɗɗu ne, kuma sallamar wanda magoya baya ke ƙauna na iya zama abin da za a yi ta yi wa gwamna gori da shi. Akan riƙe mutum don tsoron surutu, ko a watsar da shi don sabon shugaba na son kawo nasa. Ko ɗaya babu ruwansa da abin da ke faruwa a fili.

Sannan ɗan wasan cikin gida ba ma'aikacin gwamnati ba ne da zai jira fansho. Ranar da ya daina bugawa, ranar albashi ke tsayawa. Shi ya sa da yawa ke manne wa riga, shi ya sa kuma 'yan kallo ke ɗaukar sallama a matsayin butulci. Matasan da suka yi fafutukar dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a ranar 31 ga Mayu, 2018, sun san wannan yanayi: babba ba ya tashi daga kujera idan bai ga inda zai zauna ba.

Pillars ta gwada wata hanya da Ahmed Musa. Ya dawo mata a 2021, ya sake dawowa a 2024, sannan a Yulin 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Ko da yake haɗa shugabanci da buga wasa na da nasa tambayoyin, matakin ya nuna cewa ana iya buɗe wa gogagge wata ƙofa ba tare da an jefar da shi ba.

Tambayoyin da suka kamata a yi

Kafin a sabunta wa babba kwantiragi, akwai tambayoyi huɗu da shugabannin ƙungiya ya kamata su iya amsawa a bainar jama'a, tunda kuɗin jama'a ne. Wasa nawa ya buga a kakar da ta wuce, kuma me ƙungiya ta samu yana ciki da ba ta samu yana waje? Nawa ake biyansa idan aka kwatanta da aikin da yake yi? Wane yaro ne ake renon sa a gurbinsa, kuma minti nawa aka ba shi? Wane aiki aka tanadar wa babban, horarwa ne ko farautar yara masu hazaƙa, kuma an tura shi kwas ɗin samun lasisi?

Idan amsoshin sun gamsar, riƙe shi riba ce ko shekararsa nawa, kuma ƙwallayen da Rabi'u Ali ya ci bayan ya haura 40 sun isa shaida. Idan babu amsa, to tausayi ne ko tsoro ke riƙe da shi, kuma wanda ke biyan farashin shi ne yaron Funtuwa ko Malumfashi da ya je gwaji filin wasa na Muhammadu Dikko aka ce masa babu gurbi.