Zuwa huɗu kafin Hajiya ta buɗe baki

Akwai wata dattijuwa a nan Talladje da duk wadda ta daɗe cikin harkar asusu ta san labarinta. Mutuniyar ƙasar Maraɗi ce, kuma tana cikin matan da suka shiga Mata Masu Dubara tun shekarun farko, bayan da CARE ta fara tsarin a can a 1991. A zamaninsu ba littafi ba alƙalami, da ka ake riƙe lissafi, kowace mace tana da mai shaidarta. Yanzu tsufa ya kawo ta Yamai wajen ɗanta. Ba za mu faɗi sunanta ba, don ba ta so. Hajiya muke ce mata.

A 2023 ƙungiyarmu ta shiga wani hali. Mata uku sun ci bashi, wa'adi ya wuce da wata biyu, ko dala ba su maido ba. Jimillar kuɗin jika ɗari da ashirin. Ɗaya daga cikinsu ƙanwar mijin ma'ajiyarmu ce, shi ya sa kowa ke tauna magana. Ga sallar layya saura mako shida da ɗan kai, kuma kafin salla muke buɗe akwati mu yi rabo. Wasu har sun fara cewa in aka raba, sun fita ke nan.

Sai muka ce Hajiya ce za ta warware mana.

Karon farko mun tare ta ranar 13 ga Mayu, wajen bikin ranar matan Nijar, ranar da ake tunawa da tattakin da mata suka yi a 1991 don neman a ba su wuri cikin shirin babban taron ƙasa. Ga kiɗa, ga zafin Mayu, ga mata sun yi layi suna gaishe ta. Muka kutsa mu uku, ko gaisuwa ba mu ƙare ba muka hau zuba zance. Ta dube mu ta ce: "Allah shi kyauta, ɗiyana." Ta juya ga ta bayanmu. Mun koma gida da fushi, har wata cikinmu ta ce girman kai ne.

Ba girman kai ba ne. Wata maƙwabciyarta ce ta fahimtar da mu. Ta ce duk wanda ya tari Hajiya a taro da maganar kuɗi, ƙarshen zancen roƙo ne. Ta ji "jika ɗari da ashirin", ta ɗauka cikon ramin muke nema daga hannunta. Mu kuwa ba mu ma lura da yadda maganar ta fita ba.

Daga nan muka canza taku. Muka aika maƙwabciyar ta tambayo mana wane lokaci ne ba ya takura mata. Amsa ta zo: ban da safe, tana fama da jikoki masu zuwa lakwal; ban da Juma'a; bayan la'asar dai. Muka je mu biyu da goro, muka gaisa, muka tambayi ƙafarta da ke ciwo, muka tashi. Wallahi maganar tana bakinmu kamar garwashi, amma muka haɗiye. Zuwa na uku mun tarar da baƙi daga Tasawa, sai muka taya ɗebo ruwa muka yi sallama.

A nan ne haƙurin ya fara isarmu. Ana cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, amma mai wannan magana ba shi da ranar rabo a gabansa. Saura mako uku. Da mun ci gaba da gaisuwa kawai, da ƙungiya ta watse muna cikin ladabi. Don haka muka sake aikawa, wannan karon a fili: shawara muke so, ba kuɗi ba, kuma lokaci ya ƙure mana.

Zuwa na huɗu muka same ta ita kaɗai tana tsinke zogale. Muka zauna muka sa hannu. Sai da tire ya kusa cika ta ce: "To, mi ya kawo ku?"

Mun zo da littafinmu, mun kuma shirya tambaya ɗaya tak. Ta ture littafin gefe. Ta ce: "Ina kuka yi masu maganar bashin?" Muka ce a taro, gaban kowa, kamar yadda doka ta ce. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce macen da aka kunyata gaban mata talatin, ko tana da kuɗin ba za ta kawo ba, don kawowar ta zama amsa laifi. Ta ce mu bi su gida ɗaya bayan ɗaya, kada ma'ajiya ta je, kada mu je lokacin da miji ko kishiya ke tsakar gida, kuma mu fara tambayar abin da ya sami sana'ar kafin mu ambaci kuɗi. Ta ƙara da cewa mu karɓi biya kaɗan-kaɗan, amma a gaban shaida biyu.

Mun bi. Ashe ɗaya firijinta ne ya lalace, ƙanƙara da lemun da take sayarwa suka tsaya. Ɗaya kuwa jinyar uwarta ta cinye jarin. Su biyun sun biya kafin rabo, ta biyun da sayar da tunkiyarta. Ƙanwar mijin ma'ajiya ta kawo rabi, aka cire sauran daga kasonta da yardarta. Mata biyu duk da haka sun fita.

Har yanzu mukan leƙa Hajiya ranar Laraba bayan la'asar. Wani zuwan ba ta cewa komai sai labarin farashin gero a Maraɗi.